Wata Prius a Zariya: Daga Ranar Saye Zuwa Ranar Sayarwa

Lamarin da za a duba a nan na wani magidanci ne, ma'aikaci a ɗaya daga cikin manyan makarantun Zariya, wanda ya sayi mota ƙirar Toyota Prius ta shekarar 2010 'yan watanni bayan cire tallafin man fetur, ya more ta na wani lokaci, babban batirinta ya ba shi wahala har sau biyu, ya gyara, daga bisani kuma ya sa ta a kasuwa. Ba za a ambaci sunansa ba, haka ma masu gyara da dillalan da lamarin ya ratsa ta hannunsu, domin abin da ake son fahimta shi ne yadda mota mai haɗa fetur da lantarki, wato haibirid, take ƙarewa a garin da ke da zafin bazara da ƙurar hunturu irin namu, da kuma dalilin da ya sa kasuwa take yi mata kuɗin da take yi mata.

Kafin 29 ga Mayun 2023 ana sayar da litar fetur ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Cikin kwanaki kaɗan bayan jawabin rantsuwar Shugaba Bola Tinubu ta haura naira 500, a watan Yuli ta kai 617, kuma zuwa Oktoban 2024 ta tsallake naira 1,000 a wurare da dama. Mai motar yana zaune ne a wajen Samaru, yana sauke yara a makaranta a Sabon Gari, sannan ya wuce wurin aikinsa ta ɓangaren Tudun Wada, wanda ke nufin kullum sai ya ratsa cunkoson Kwangila da na PZ safe da yamma. A ƙarshen mako kuma yakan je Kaduna duba mahaifiyarsa, tafiyar kimanin kilomita 80. Tsohuwar Honda Accord da yake hawa a da ta soma cinye kason albashin da ya kamata ya tafi cefane, shi ya sa da wani abokin aikinsa ya ba shi labarin motar da injinta ke mutuwa da kansa a cunkoso alhali tana ci gaba da tafiya, bai tsaya dogon nazari ba.

Ya sami motar a wajen wani dila a Kaduna, tokumbo ce da aka shigo da ita daga Amurka. Ya tafi da bakanikensa na shekara da shekaru, suka duba duk abin da aka saba dubawa: suka saurari inji, suka leƙa ƙasa ko akwai yoyon mai, suka danna shokozoba, suka shafa fenti ko an taɓa yi mata gyaran haɗari, suka tabbatar da takardun kwastan. Abu ɗaya ne ba a duba ba, kuma shi ne mafi tsada a jikin motar bayan inji, wato babban batirin da ke kwance a bayan kujerar baya. Ba sakaci ne ya jawo haka ba. Daga mai saye har bakaniken babu wanda ya san cewa ana iya auna lafiyar wannan batir da wata 'yar na'ura da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, a karanta sakamakon a wayar hannu. A lokacin motar tana da shekara 13 a duniya, garantin shekara 8 ko mil 100,000 da kamfanin ke bai wa irin wannan batir a yawancin jihohin Amurka a wancan zamani ya daɗe da ƙarewa, kuma ta shafe makonni a cikin jirgin ruwa da filin tashar jiragen ruwa ba tare da an tayar da ita ba.

Ba a fahimtar abin da ya biyo baya sai an san yadda batirin yake. Prius ta fara fitowa a Japan a 1997, kuma ta 2010 tana cikin zubi na uku. Batirinta ba irin na wayar hannu ba ne, na sinadarin nikel ne, an jera shi gunduwa 28, kowace gunduwa tana da ƙwaya 6 kuma tana ba da bolt 7.2, jimilla kimanin bolt 201.6. Wutar da yake iya riƙewa ba ta da yawa, wajen yunit 1.3 ne kawai idan aka auna da ma'aunin mitar gida, domin aikinsa shi ne ya karɓi wutar da ake samu lokacin taka birki da wadda inji ke turowa, ya mayar da ita lokacin tashi daga tsaye da tafiyar hawainiya. Ba a jona shi da wutar gida. Kwamfutar motar ba ta barinsa ya cika maƙil ko ya ƙare ƙarƙaf, tana riƙe shi ne tsakanin kimanin kashi 40 zuwa 80 cikin 100, kuma wannan tsimi ne ya sa yake kai shekara goma ko fiye. Kwamfutar tana sa ido a kan gunduwoyin bibbiyu, rukuni 14 ke nan, tana kwatanta ƙarfinsu. Da zarar rukuni ɗaya ya soma faɗuwa ƙasa da 'yan uwansa, sai ta ɗauka batirin gaba ɗaya ya lalace, ko da sauran 13 suna nan lafiya lau.

Akwai kuma wani abu da direban da ya saba da mota mai fetur zalla ba zai yi tsammani ba. Wannan mota ba ta da sitata, ba ta da altaneta. Babban batirin ne ke juya injin ya tashi, saboda haka idan ya mutu murus babu batun a tara samarin unguwa su tura ta, sai dai a nemo motar janwe.

Watannin farko sun yi daɗi. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Prius ta 2010 tana shan kimanin lita 4.7 a kilomita 100, Corolla ta shekara ɗaya da ita kuma kimanin lita 8. A titunanmu dukkansu sukan sha fiye da haka, amma tazarar da ke tsakaninsu tana nan, har takan ƙaru a cikin gari, inda Corolla ke ƙona mai a tsaye ita kuwa Prius ta kashe inji. Idan aka ƙaddara mutum yana yin kilomita 1,500 a wata, kamar yadda zirga-zirgar mai motar ta kusa kaiwa, bambancin ya kai lita 50, wato naira 50,000 a wata idan lita tana naira 1,000, ko naira 600,000 a shekara. Wanda ba ya wuce kilomita 300 a wata kuwa, abin da zai rage bai fi naira 10,000 ba. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin duk wani hukunci da za a yanke a kan motar, kuma za a sake komawa kansa.

Hunturu ya zo ya wuce, aka shiga bazara. A watan Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40 da rana, alamu suka soma fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wata ƙarar fanka ta riƙa tashi daga bayan kujera, har yara suna tambayar mene ne ke huci. Ma'aunin batir da ke kan allon dashbod ya riƙa cika cikin ɗan lokaci ya kuma zube cikin ɗan lokaci, abin da a da yake hawa da sauka a hankali. Inji ya daina mutuwa a cunkoso, shan mai ya ƙaru, kuma idan aka taka totur a hawan gadar Kwangila sai motar ta yi nauyi. Wata rana da azahar, a hanyar ɗauko yara, fitilar gargaɗi mai kusurwa uku ta kama tare da rubutun da ke cewa a duba tsarin haibirid.

Bakanikensa ya cire kan ƙaramin batir, wato irin wanda kowace mota ke da shi, na 'yan mintoci ya mayar, fitilar ta mutu, ya ce masa: "Malam, ba komai ba ne, kwamfutarta ce ta rikice saboda zafi." Abin da ya yi shi ne share saƙon daga ƙwaƙwalwar motar, ciwon kuwa yana nan. Kafin mako ya zagayo fitilar ta dawo. A wannan karon bakaniken ya yi abin da ya kamata a yaba masa a kai, domin ya ce wannan aiki ba nasa ba ne, ya kuma hana yaran garejinsa taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo, waɗanda ke ɗauke da wutar da a cikin inbata takan kai bolt 650. Ya haɗa mai motar da wani mai gyaran wayarin mota a Kaduna da ya ƙware a kan irin waɗannan motoci.

Shi wannan ya jona ta da kwamfuta, lambar matsalar da ta fito ita ce P0A80, wadda ma'anarta a littafin kamfanin ita ce a sauya babban batir. Bai tsaya nan ba. Ya sa aka tuƙa motar yana zaune a gefe yana kallon rukunan nan 14 a allon wayarsa, ya ga ɗaya daga cikin na tsakiya yana faɗuwa da fiye da bolt ɗaya ƙasa da sauran duk lokacin da aka taka totur, alamar ƙwaya ɗaya ta mutu a ciki. Da suka dawo ya buɗe ƙofar baya ta dama, ya sa hannu a gefen kujera, ya juyo ya ce: "Ranka ya daɗe, wa ya ɗinka maka rigar kujerun nan?" A daidai wurin akwai wata 'yar taga mai raga wadda fankar batir ke shaƙar iska ta cikinta, kuma rigar ledar da aka ɗinka wa kujerun don kada yara su ɓata su ta rufe fiye da rabinta. Da aka kwance fankar, fukafukanta sun daskare da jar ƙura haɗe da zaren tufafi da gashi, har sai da aka sa tsinke da buroshi kafin a ga launin robar. Farantan jan ƙarfe da ke haɗa gunduwoyin kuma sun yi koren tsatsa.

A nan ne lamarin ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin abin da ya faru da wannan batir yana iya faruwa da kowace haibirid a Arewa. Batirin ba ya shan iskar waje, iskar cikin motar da fasinja ke shaƙa ita yake sha. Mai motar, kamar mafi yawan mutane tun da mai ya yi tsada, ya daina kunna na'urar sanyaya mota don ya rage shan mai, yana sauke gilasai. Da hunturu wannan ya cika motar da ƙurar da fanka ke zuƙa, da bazara kuma ya sa batirin yana shan iska mai zafi ta ƙofar da aka riga aka toshe rabinta. A wurin aiki motar tana wuni a rana tsaka da gilasai a rufe, inda zafin ciki ke wuce na waje nesa ba kusa ba, sai a tayar da ita da azahar batirin yana gasasshe. Zafi shi ne babban abokin gabar kowane irin batir, yana hanzarta lalacewar sinadaran da ke ciki, kuma gunduwoyin tsakiya, waɗanda 'yan uwansu suka kewaye ta kowane gefe, su ne suka fi ɗaukar zafin, shi ya sa su ke fara mutuwa. A ganina ba daidai ba ne a ce zafin Zariya kaɗai ya kashe batirin, domin mai shekara 13 ya riga ya ci mafi yawan kwanansa. Amma da an san lafiyarsa ranar saye, da an rage kuɗin motar gwargwadon haka, kuma da an bar masa hanyar iska, da wataƙila ya ƙara shekara ɗaya ko biyu.

Mai gyaran ya shimfiɗa masa zaɓi: a sauya gunduwoyin da suka mutu kawai, ko a sa cikakken batir da aka ciro daga motar da ta yi haɗari, ko a yi odar sabo. Dukkansu da dala ake lissafinsu, kuma naira da ke wajen 460 a kan dala ɗaya a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta riga ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ya zaɓi na farko saboda shi aljihunsa ya iya ɗauka, duk da cewa an gaya masa gaskiya cewa gyara ne na wucin gadi. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san noma: idan aka haɗa ƙaƙƙarfan sa da gajiyayye a karkiya ɗaya, huɗar ba za ta miƙe ba, kuma gajiyayyen ne zai fara durƙushewa. Gunduwar da aka sa tana da ƙarfinta daban, sauran 27 kuma kowace tana kan hanyarta ta tsufa, saboda haka wadda ke biye a rauni ita ce za ta fito nan gaba.

Motar ta yi lafiya na 'yan watanni. Sai aka tura mai motar kwas na kusan wata biyu a wani gari, ya kulle ta a gareji babu mai tayar da ita. Batirin nikel yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a amfani da shi, zafi yana ƙara saurin zubar, kuma tsofaffin gunduwoyi ba sa zubarwa daidai da juna. Da ya dawo ƙaramin batir ya mutu, aka ba shi wuta motar ta tashi, amma ba a jima ba fitilar ta sake kamawa, wannan karon a wani rukunin daban. Wannan ya saɓa wa abin da muka saba da shi, inda ake ganin motar da ba a cika hawa ba ita ce mai lafiya. Haibirid ta fi son a riƙa tuƙa ta, kuma wadda aka ajiye a gida don zuwa biki da sallar idi tana iya riga wadda ake haya da ita lalata batir.

Ya ci bashi a asusun adashin ma'aikata, aka samo cikakken batir daga wata Prius da ta fi tasa ƙuruciya wadda haɗari ya lalata gabanta. Ya gindaya sharaɗi biyu kafin ya biya, cewa sai an ɗaura an gwada a kan titi yana ganin rukunan da idonsa, kuma sai an rubuta masa takardar garanti ko da ta 'yan watanni ce. Aka yanke rigar kujera a buɗe tagar iskar, aka maƙala mata 'yar rariya da ake cirewa a kakkaɓe, ya koma kunna na'urar sanyaya mota da rana, ya kuma nemi inuwar wata bishiyar darbejiya a wurin aiki. Kuɗin gyaran biyu, idan aka haɗa su, sun cinye kusan duk abin da ya rage a kan mai a shekararsa ta farko. Shekara ta biyu ce ta zama riba.

Sauran jikin motar bai ba shi wata matsala ta a zo a gani ba. Bai sauya takalmin birki ba tsawon zamansa da ita, domin injin lantarki ne ke yin mafi yawan aikin rage gudu. Injin wannan zubi ba shi da bel ko ɗaya da zai tsinke, giyarta kuma ba ta da kuloci. Abin da ya sha fama da shi shi ne gajartar motar a kan tudun rage gudu da ramukan unguwa lokacin damina. Haɗarin da ya fi kusa da shi daga hannun masu gyara ya taso, kuma sau biyu yana tsallake rijiya da baya. An so a juye masa baƙin mai mai kauri irin wanda ake zuba wa tsofaffin motoci, alhali injin yana son mai ruwa-ruwa mai lamba 0W-20. An kuma so a ƙara wa na'urar sanyaya motar man kwamfireso na gama-gari, alhali nata kwamfireson na lantarki ne, yana buƙatar mai na musamman da ba ya ratsa wuta, kuma man da bai dace ba yana iya sa wuta ta riƙa zurarewa har motar ta ƙi tashi. Mai gyaran na Kaduna ya kuma wanke masa hanyar da ke mayar da hayaƙi cikin inji, wadda aka san tana toshewa a wannan zubi idan tafiya ta yi nisa, har ta kai ga ƙona gaskit.

A tsakanin gyaran farko da na biyu ƙaninsa ya kawo wata shawara: "Yaya, tunda man ne matsalar, me zai hana ka rabu da inji gaba ɗaya ka sayi mai lantarki zalla?" Abin da kuɗinsa zai iya kaiwa a lokacin shi ne tsohuwar Nissan Leaf ta farkon fitowa, mai batirin yunit 24, wadda tana sabuwa aka auna mata kimanin kilomita 117 a caji ɗaya. Ta fuskar kuɗin tafiya shawarar tana da kyau, domin ko a farashin wutar lantarki na rukunin A, wato mafi tsada, wanda aka ɗaga zuwa sama da naira 200 a kan yunit a Afrilun 2024, cika batirin bai fi kimanin naira 5,000 ba, kusan rabin abin da Corolla za ta sha a wannan nisa idan lita tana naira 1,000. Matsalar tana wani wurin. Batirin wannan Leaf ba shi da tsarin sanyaya na ruwa ko na fanka, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona mai tsananin zafi suka yi ƙorafin saurin raguwar ƙarfinsa. Wadda ta rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ba za ta wuce kilomita 80 ba, wato da kyar ta isa Kaduna, Kano kuwa mai nisan kusan kilomita 150 babu ma zancenta. Caji a soket ɗin gida yana ɗaukar fiye da awa goma ana samun wuta ba yankewa, kuma ƙaramin janareto ba zai ja ba. Haibirid mai raunin batir tana ƙara shan mai ne ta ci gaba da tafiya na wani lokaci, amma a mai lantarki zalla batirin shi ne tankin, kuma shi ne mafi yawan darajar motar.

Wannan ba hukunci ba ne a kan motocin lantarki baki ɗaya. Sababbi da yawa suna sanyaya batirinsu da ruwa, waɗansu na ƙasar Sin suna amfani da nau'in litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet wanda ya fi jure zafi da yawan caji, kuma garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 ya zama ruwan dare. A gida ma an fara motsi, domin an ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas a ƙarshen 2020, kuma hukumar ƙera motoci ta ƙasa, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta kafa tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021. Ga mai sola mai ƙarfi a gida wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ba, lissafin yana iya fita. Ga ma'aikacin da motarsa ɗaya ce kuma dole ya hau titin Kaduna duk mako, bai fita ba, shi ya sa ya bar maganar.

Da iyali suka ƙaru ya buƙaci mota mai kujeru da yawa, sai ya kai Prius wajen dillalai a nan Zariya. Kuɗin da suka taya ya ɗara wanda ya saye ta da shi, abin da zai iya sa mutum ya zaci ya ci riba, alhali faɗuwar naira ce ta ɗaga farashin kowace mota. Ma'aunin gaskiya shi ne a kwatanta da Corolla ta shekara ɗaya da lafiya ɗaya, kuma a nan ne ya ga tazara mai faɗi. Wani dattijon dillali ya yi masa bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba: "Malam, Corolla ko da dare na sa ta a kasuwa za ta tafi, domin kowane bakanike daga nan har ƙauye ya san cikinta, kayanta kuma suna nan birjik a Panteka da Ƙofar Ruwa. Wannan kuwa duk wanda ya ji ta tashi shiru, abin da zai fara tambaya shi ne nawa ne batir. In na ce masa an sauya, zai ce kowa ma haka yake faɗa."

Maganar dillalin tana da tushe a ilimin tattalin arziki. Tun a 1970 masanin nan na Amurka George Akerlof ya nuna, da misalin tsofaffin motoci, cewa idan mai saye ba zai iya bambanta mai kyau da maras kyau ba, zai taya duka a farashin da ke kare shi daga asara, sai mai kaya mai kyau ya cutu. Dillalin yana cire kuɗin batir daga kowace haibirid da aka kawo masa, ko batirin jiya aka sa shi, kuma ba za a ga laifinsa ba tunda ba shi da abin aunawa, masu sayensa ma ba su da shi. Abin takaici a nan shi ne na'urar da za ta warware wannan shakku ba ta kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba, kuma gwajin bai fi tafiyar rabin awa ba. Muddin ba ta shiga hannun dillalai da makanikan gari ba, wanda ya kula da motarsa da wanda ya share fitilar gargaɗi da safiyar ranar ciniki kuɗi ɗaya za a taya musu.

Mai motar bai sallama wa dillalai ba. Ta hanyar mai gyaran na Kaduna ya sami wani matashi da ke jigilar fasinja ta manhajar waya a can, wanda a sana'arsa yake yin kilomita masu yawa a cikin cunkoso, wato mutumin da lissafin man nan ya fi yi wa amfani. Matashin ya zo Zariya da 'yar na'urarsa a aljihu, suka hau motar daga Kwangila suka nufi hanyar Shika da na'urar sanyaya a kunne, yana kallon rukunan 14 suna hawa da sauka tare ba wanda ya ware. Ya sa hannu ya duba tagar iskar, ya karanta rasiɗan gyara da takardar garantin batir da aka ajiye a fayil ɗaya. Farashin da suka daidaita a kai ya fi na dillalai da kyau, ko da yake bai kai na Corolla ba, kuma an rage masa kuɗin tayoyin gaba biyu da suka suɗe. Matashin ya biya ta banki a ranar, washegari aka je aka yi takardar sauya mallaka.